Nakiyar Ruwa da Aikin Share Ta: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da rikici ya taso a Mashigin Hormuz ko Bahar Maliya ko Bahar Aswad, sai kalmar nakiya ta cika labarai. Tambayoyin da masu sauraro da masu fassara da samari masu sha'awar aikin sojan ruwa suke yi kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar magana ɗaya, "kwance nakiya", mu ɗora mata ayyuka uku ko huɗu da ba su yi kama da juna ba. Yawancinmu mun tashi nesa da teku, don haka wasu sunayen da ke ƙasa na gari ne, wasu kuma siffantawa ce da abin da muka sani.

Mece ce nakiyar ruwa, kuma me ya raba ta da bam ko tofido?

Nakiyar ruwa tulu ne, galibi na ƙarfe, cike da abin fashewa, wanda ake ajiyewa cikin ruwa a bar shi yana jira. Jiran nan shi ne asalinta. Bam jefa shi ake yi a kan abin da ake gani. Tofido yana da inji da farfela, harba shi ake yi ya bi jirgi har ya same shi. Ita nakiya ba ta bin kowa, jirgi ne ke kawo kansa. Wanda ya dasa ta yana iya komawa gida, a gama yaƙin, a yi sulhu, shi kansa ya tsufa ya rasu, ita tana nan inda ya bar ta.

Kalmar ita ce dai wadda muka sani wajen masu fasa dutse da kuma wadda ake binnewa a hanya, sai dai ta ruwa ta fi su girma nesa ba kusa ba. Matsakaiciya tana ɗauke da abin fashewa fiye da kilo 100, manya kuma suna kai ɗaruruwan kilo.

Tun yaushe ake amfani da ita?

A watan Janairun 1778, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, David Bushnell ya cika ƙananan ganguna da albarushi ya sake su a kogin Delaware don su faɗa wa jiragen Ingila. Ba su yi wata ɓarnar kirki ba. Rasha ta dasa nakiyoyi a Tekun Baltik a yaƙin Kirimiya, a 1854 da 1855, kuma cikin waɗanda suka ƙera mata su har da Immanuel Nobel, mahaifin Alfred Nobel. A yaƙin basasar Amurka nakiya ta nutsar da jirgin yaƙi Cairo a kogin Yazoo a Disambar 1862. A zamanin nan tofido ake ce mata, abin da har yau yake rikita masu karanta tsofaffin labarai.

Inda duniya ta tabbatar makami ne na gaske shi ne yaƙin Rasha da Japan. A Afrilun 1904 babban jirgin Rasha, Petropavlovsk, ya taka nakiya a bakin tashar Port Arthur da ke gaɓar Sin ya nutse da kwamandan rundunar, Makarov. Wata guda bayan haka Japan ta rasa manyan jiragenta biyu, Hatsuse da Yashima, ta hanya ɗaya. A 1918 kuwa Amurka da Birtaniya suka shimfiɗa nakiya kusan 70,000 tsakanin Sukotlan da Norwe don tare jiragen Jamus masu nutso.

Iri nawa ce?

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba su da inda suke zama a cikin ruwa. Ta farko ita ce mai turke. Tulu ne mai iska a ciki, yana son tasowa, amma an ɗaure shi da waya ko sarƙa a wani nauyi da ke ƙasan teku, kamar akuya a turke. Ana auna tsawon wayar yadda tulun zai tsaya 'yan mitoci ƙasa da saman ruwa, ido ba ya ganinsa, cikin jirgi kuma yana iya samunsa. Ta biyu ita ce mai kwanciya, wadda ke zaune a kan yashi ko laka a ƙasa. Ba ta buƙatar iska a cikinta, don haka kusan duk cikinta abin fashewa ne, amma sai a ruwa marar zurfi sosai take iya cutar da jirgin da ke sama. Ta uku ita ce mai yawo, wadda igiyar ruwa ke kai ta inda ta ga dama, ko dai an sake ta haka da gangan, ko kuma mai turke ce da wayarta ta yi tsatsa ta tsinke.

Akwai kuma mai liƙewa, wadda mai nutso ke ɗauka ya manna a jikin jirgi da maganaɗisu, ta kama kamar kaska. Ita ƙarama ce, agogo ke tayar da ita, kuma maganinta gadi ne da binciken cikin jirgi, ba shara ba. Wasu na zamani kuma suna zaune a zurfi riƙe da tofido, in suka ji jirgi mai nutso sai su sake shi.

Rabo na biyu shi ne ta abin da ke tayar da su: taɓawa, ko jin alamar jirgi daga nesa, ko kuma umarni ta waya daga gaɓa. Tambayoyi biyu masu zuwa a kan haka suke.

Ƙahonin nan da ake gani a hoton nakiya, mene ne aikinsu?

Su ne kunamarta. Kowane ƙaho bututu ne na dalma, mai laushi, a cikinsa akwai 'yar siririyar kwalba cike da asid. A gindin ƙahon akwai farantan batir guda biyu a bushe, ba ruwan batir, don haka ba wuta. Da jirgi ya goge shi, dalmar ta lanƙwashe, kwalbar ta fashe, asid ya gangara kan farantan, nan take batir ya samu, wuta ta bi waya ta tayar da nakiyar. Ana kiransa ƙahon Hertz.

Hikimar abin ita ce babu batirin da zai mutu, tunda ba a haɗa shi ba sai lokacin da ake buƙata. Wannan ne ya sa nakiyar da ta shekara hamsin ko tamanin a ruwa, duk ta yi tsatsa, kaguwa da ciyawa sun lulluɓe ta, ba a ɗaukar ta a matsayin matacciya. Duba tambaya ta ƙarshe a kan abin da ya kamata wanda ya gan ta ya yi.

Yaya nakiya ke fashewa alhali jirgi bai taɓa ta ba?

Kowane jirgi yana barin alama uku a ruwa, kuma ana iya ƙera nakiya ta ji kowacce. Ta farko maganaɗisu. Ita duniya kanta tana da maganaɗisu, shi ke juya allurar kamfas, kuma tarin ƙarfe kamar jirgi yana karkatar da shi a inda yake wucewa. Jamus ta yi wa Birtaniya ɓarna sosai da irin wannan a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, har zuwa Nuwambar 1939 da wani jirgin sama ya jefa guda a laka a Shoeburyness, bakin kogin Thames. Da ruwa ya janye, wani hafsan sojan ruwa, John Ouvry, ya taka cikin lakar ya kwance ta da kayan aikin da ba ruwansu da maganaɗisu, bayan ya ajiye duk wani ƙarfe da ke aljihunsa. Daga abin da aka gani a cikinta aka samo magani.

Ta biyu sauti, wato ƙarar inji da farfela, wadda ke tafiya nesa a ruwa. Ta uku matsin ruwa. Jirgi in yana gudu yana ture ruwa, nauyin ruwan da ke ƙarƙashinsa ya ɗan ragu, nakiyar ta ji wannan sauƙin da ya zo mata. Jamus ta fito da wannan a gaɓar Normandi ta Faransa a Yunin 1944, lokacin da sojojin ƙawance suka sauka can, kuma maganin da aka samu a lokacin shi ne jirage su riƙa tafiya a hankali ƙwarai a ruwa marar zurfi.

Na yanzu suna haɗa biyu ko duka ukun, kuma suna da 'yar kwamfuta da ke tantance irin jirgin da ake so. Suna da ƙidaya kuma: a saita ta ta ƙyale jirgi na farko da na biyu har na tara, ta tashi da na goma. Wasu suna barci na kwanaki kafin su fara sauraro, wasu kuma an sa musu ranar mutuwa. Ƙidayar nan ita ce babbar matsalar masu shara, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan buɗe hanya.

In tana can ƙasa, ta yaya take karya jirgin da ke sama?

Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka bugun fashewa yana isowa jirgi da ƙarfinsa, ya girgiza injuna daga mazauninsu, ya karya ƙafafun mutanen da ke tsaye. Bayan bugun sai wani ƙaton kumfa na hayaƙi ya buɗe a ƙarƙashin jirgin ya ɗaga tsakiyarsa sama, sannan ya shanye, tsakiyar ta faɗa cikin rami, ya sake buɗewa. Kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke, haka ƙashin bayan jirgi yake karyewa. Mai ƙaho rami take hudawa a gefe guda, wanda sau da yawa ana iya toshewa. Mai kwanciya kuwa tana iya raba jirgi biyu.

Da me ake dasa ta?

Da kusan komai. Akwai jiragen da aka ƙera don haka, masu layin dogo a bayansu da ake turo nakiyoyi su faɗa ruwa ɗaya bayan ɗaya. Jirgi mai nutso yana fitar da su ta bututun tofido. Jirgin sama yana jefa su: a 1945 jiragen B-29 na Amurka sun zuba fiye da 12,000 a mashigai da tashoshin Japan, har jigilar abinci da ɗanyen kaya ta kusa tsayawa cak. Amma jirgin kamun kifi ko na dakon kaya ma ya isa, in akwai duhu da mutum goma masu ƙarfi.

Mene ne bambancin share nakiya da farautar nakiya?

Wannan ita ce tambayar da na fi so masu fassara su riƙe. Shara ita ce ka bi wuri da kayan aiki ba tare da ka san inda nakiya take ba, ko ka yanke turkenta, ko ka yaudare ta ta fashe. Mai shara bai ga komai ba, ja kawai yake yi, kamar mai jan koma. Farauta kuwa ita ce ka nemo kowace nakiya ɗaya ɗaya, ka gan ta, ka tabbatar ita ce, sannan ka halaka ta, kamar maharbi mai bin sawu. Jirgin shara da jirgin farauta jirage ne daban, ko da yake akwai masu yin duka biyun.

Kwancewa kuma aiki ne na uku: mutum ya je da hannunsa ya raba kunama da abin fashewa, kamar yadda Ouvry ya yi. Ba a cika yin haka ba sai ana son a kai nakiyar gaɓa a bincika ta. Yawancin waɗanda aka gano fasa su ake yi a inda suke. Saboda haka in labari ya ce an tura jirage su tsabtace wani mashigi, "jiragen kwance nakiya" ba daidai ba ne. Jiragen shara ne ko na farauta, in kuma ana son suna ɗaya da zai haɗa su, "jiragen yaƙi da nakiya" ya wadatar.

Yaya ake share mai turke?

Jirgin shara yana jan doguwar waya mai kaushi daga bayansa. In aka bar ta haka, bayan jirgin kawai za ta bi, ba amfani. Sai a ɗaura mata wani allon ƙarfe a ƙarshe, a karkace, wanda ruwa ke turawa gefe, yadda wayar za ta buɗe nesa da jirgin zuwa dama ko hagu. Allon yana rataye ne a jikin wata gora ta ƙarfe mai siffar kifi da 'yar tuta a kanta, kamar gorar masunta, don a riƙa ganin inda ƙarshen wayar yake. Wani allon kuma kusa da jirgin yana danne wayar ƙasa zuwa zurfin da ake so. A jikin wayar an jera almakasai, wasu na haƙora, wasu masu ɗan harsashi. In wayar ta ci karo da turken nakiya, sai turken ya zame a jikinta har ya faɗa bakin almakashi ya yanke. Nakiyar ta taso sama, a harbe ta da bindiga daga nesa, ko ta fashe ko ta huje ta nutse. Sunan wannan tsari Oropesa, sunan jirgin da aka gwada shi a kansa ne.

Jiragen suna tafiya a jere a karkace, kamar 'yan gayya a gona, kowane yana bin ruwan da na gabansa ya share. Na gaba ne kaɗai ba wanda ya share masa. A bayansu wani jirgi yana jefa gorunan alama masu tuta ko fitila don a san iyakar wurin da aka bi. Haka aka buɗe hanyoyi goma zuwa gaɓar Normandi a daren da ya gabaci 6 ga Yuni, 1944.

Mai kwanciya fa, da ba ta da turken da za a yanke?

Ita yaudararta ake yi. Jirgin shara yana jan kebul mai kauri da janareto ke aika wa wuta, ya haifar da maganaɗisu kamar na babban jirgi, tare da wani inji mai buga guduma ko ganga a cikin ruwa don ya kwaikwayi ƙarar farfela. Nakiyar ta ɗauka abincinta ya zo, ta tashi a bayan jirgin, nesa da shi. A 1940 Birtaniya har jiragen sama ƙirar Wellington ta ɗaura wa wani zobe mai faɗin kusan mita 15, suna tashi ƙasa ƙasa a kan ruwa. Amurka daga baya ta koma ga jirage masu saukar ungulu suna jan kayan, Jamus kuma ga ƙananan jirage marasa matuƙi. Matsin ruwa ne har yau ba a iya kwaikwayonsa da kyau, domin ba abin da ke ture ruwa kamar jirgi sai jirgi. Rashin maganin wannan na cikin abin da ya tilasta komawa ga farauta.

Akwai kuma kare jirgin kansa. Ana zagaye cikinsa da kebul a sa wuta daidai gwargwadon da zai soke maganaɗisun ƙarfensa. Ana ce wa wannan digausin, daga sunan Gauss, masanin lissafi Bajamushe. Yana rage alamar jirgi, ba ya shafe ta gaba ɗaya.

Gaskiya ne ana ƙera jiragen nan da katako?

Gaskiya ne, kuma dalilin yana cikin amsar da ke kan maganaɗisu. Jirgin da aikinsa shiga gonar nakiya ne bai kamata ya zama tarin ƙarfe ba. Jiragen Avenger na Amurka katako ne da aka lulluɓe da roba mai zaren gilashi. Birtaniya ta ƙaddamar da Wilton a 1972, jirgin yaƙi na farko da aka yi gangar jikinsa da irin wannan roba, kuma yana cikin waɗanda suka tsabtace Mashigin Suwez a 1974 kafin a sake buɗe shi a Yunin 1975. Jamus ta zaɓi wani ƙarfe da maganaɗisu ba ya kamawa. Injunansu a kan roba suke zaune don rage ƙara, kuma hatta gwangwanin abinci da kayan gyara ana lissafa su kafin a shigo da su.

Yaya ake farautar?

Da kunne ake farawa. Na'urar sona tana aika sauti ta saurari dawowarsa, kamar jemage a duhu, ta zana hoton ƙasan teku a allo. Mai duba allon ba ya ganin nakiya ƙarara, wani ɗan haske yake gani da inuwa a bayansa, daga siffar inuwar yake hukunci. Ƙasan teku kusa da tashar jirage kuwa juji ne: gangunan mai, tsofaffin tayoyi, anka da ta tsinke, duwatsu. Kowane sai an tsaya an duba. Masu ƙera nakiya sun san da haka. Manta, ƙirar Italiya, an yi mata jiki na roba da siffa kamar kwano a kife don ta saje da duwatsu, wasu kuma laka ke binne su.

In abu ya yi kama da ita, sai a tura ƙaramin inji mai kyamara, ɗaure da waya, ya je ya leƙa. PAP 104 na Faransa yana ajiye ƙunshin abin fashewa kusa da nakiyar ya dawo, sannan a tayar daga nesa. SeaFox na Jamus shi ba ya dawowa, da shi ake fasa ta. Inda inji ya kasa, a ruwa marar zurfi ko mai duhun laka, masu nutso ne ke sauka, da na'urar numfashi marar kumfa da ƙara, wani lokaci da hannu suke lalube. Sojan ruwan Amurka sun yi amfani da dabbar dolfin a tashar Umm Qasr ta Iraƙi a 2003. Aikinta ta gano ta ajiye alama kusa, ba ta taɓa nakiyar.

Me ya sa manyan ƙasashe ke tsoron makami mai arha haka?

Saboda arhar tasa. Ranar 14 ga Afrilu, 1988, jirgin yaƙin Amurka Samuel B. Roberts ya taka nakiyar Iran a Tekun Fasha. Ƙirarta ta Rasha ce ta 1908, kuɗinta bai wuce dala 1,500 ba a ƙiyasi, gyaran jirgin kuwa ya ci kusan dala miliyan 90. Wata tara kafin nan, a Yulin 1987, ƙaton jirgin dakon mai Bridgeton ya taka wata yayin da jiragen yaƙin Amurka ke yi masa rakiya. Shi girmansa ya cece shi, sai 'yan rakiyar suka koma bayansa suna bin sawunsa, wanda aka zo karewa ya zama garkuwa. Ranar 18 ga Fabrairu, 1991, jiragen yaƙin Amurka Tripoli da Princeton suka taka nakiyoyin Iraƙi a rana ɗaya. Mafi yawan jiragen yaƙin Amurka da aka nutsar ko aka yi wa mummunar ɓarna tun 1945, nakiya ce ta yi musu.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na mashigin Dardanel da ke Turkiyya, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani ɗan jirgin Daular Usmaniyya mai suna Nusret ya dasa nakiya 26 kacal da dare, a wurin da ya lura jiragen Ingila da Faransa suna juyawa. Ranar 18 ga Maris, 1915, manyan jirage uku suka nutse, Bouvet da Irresistible da Ocean. Bouvet ya kife cikin kamar minti biyu da mutum fiye da 600. Aka fasa kutsawa ta ruwa, aka koma saukar da sojoji a Galifoli, gaɓar mashigin. A Wonsan ta Koriya ma, a Oktobar 1950, nakiya kusan 3,000, wasu da jiragen katako aka dasa su, sun tsare rundunar Amurka da ƙawayenta mai jirage kusan 250 a waje kimanin mako guda.

Ba sai ta fashe take aiki ba. Jita-jitar nakiya goma ta isa kamfanonin inshora su ninka kuɗi, masu jirage su ƙi shiga. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta Hormuz yake bi, shi ya sa maganar nakiya a can take taɓa farashin fetur har a gidajen manmu.

In aka ce an buɗe hanya, ruwan ya tsarkaka ke nan?

A'a. Abin da ake nufi shi ne an share ko an farauci wata siririyar hanya, an sa mata alama, jirage su bi ta a layi kada su kauce. Ko a cikinta ma masu aikin ba sa cewa babu, sai dai su ce sun kai kaso kaza cikin ɗari na tabbaci. Mai ƙidaya tana iya ƙyale jirgin shara sau biyar tana jira, mai yawo kuma tana iya shigowa da dare. Saboda haka ƙasashe ke auna ƙasan hanyoyin tashoshinsu tun ana zaman lafiya su adana hoton, don ran da aka shiga rikici a nemi abin da yake sabo kawai.

Tsabtace teku gaba ɗaya aikin shekaru ne. A Tekun Baltik har yau akwai dubban nakiyoyin yaƙin duniya biyu, kuma Estoniya da Latbiya da Lituweniya suna karɓar baƙuncin aikin nemo su duk shekara bi da bi. A Bahar Aswad, masu yawo da suka fara bayyana tun Maris 2022 sun sa Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare a Janairun 2024.

Doka ta yarda da dasa ta?

Ta yarda, da sharuɗɗa. Yarjejeniyar Ottawa ta 1997 nakiyar ƙasa mai kashe mutane ta haramta, ba ta shafi ta ruwa ba. Wadda ta shafe ta ita ce yarjejeniyar Hague ta takwas, ta 1907. Ta ce mai yawo dole ta mutu cikin awa guda bayan an sake ta, mai turke dole ta mutu da zarar ta tsinke, ba a dasawa a bakin tashar maƙiyi don tare jiragen kasuwanci kawai, kuma bayan yaƙi kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kwashe abin da ya dasa.

Shari'ar farko da Kotun Duniya ta saurara ma a kan nakiya ce. A Oktobar 1946 jiragen Birtaniya biyu suka taka nakiya a mashigin Korfu kusa da gaɓar Albaniya, mutum 44 suka mutu. A 1949 kotun ta ɗora wa Albaniya alhaki, don ta san da nakiyoyin a ruwanta ba ta yi gargaɗi ba. Amma ta kuma ce Birtaniya ta keta hurumin Albaniya da ta koma ta share wurin ba izini.

Abin ya taɓa zuwa kusa da mu?

Ya zo har bakin Legas. A watan Mayun 1941 jirgin Jamus mai nutso, U-69, ya dasa nakiyoyi a mashigar Takoradi da ta Legas, kuma a farkon Yuni jirgin yasar tasha mai suna Robert Hughes ya taka ɗaya a bakin Legas ya nutse. A 1984 kuma, ana gab da aikin Hajji, jirage fiye da goma sha biyar suka gamu da fashewa a Bahar Maliya da mashigar Suwez, ruwan da alhazan Masar da Sudan ke ƙetarawa zuwa Jidda, wanda kakanninmu masu tafiyar ƙasa ma suka ƙetara daga Sawakin. Masar ta zargi Libiya, Libiya ta musanta. Amurka da Birtaniya da Faransa da Italiya suka turo masu shara da masu farauta. A ƙarshen shekarun 1980 Najeriya ta sayi jiragen farauta biyu ƙirar Lerici daga Italiya, ɗaya sunansa Ohue.

In masunci ko matuƙi ya ga abin da ya yi kama da nakiya, me zai yi?

Kada ya taɓa, kada ya ja ta, kada ya harbe ta, kada kuma ya yi tunanin kai ta wajen masu sayen tsohon ƙarfe. Tsatsa ba alamar mutuwa ba ce, kamar yadda aka bayyana a amsar ƙaho, kuma tsohon abin fashewa yana ƙara saurin tashi in ya bushe. Ya ja da baya a hankali, ya rubuta inda take da lokacin da ya gan ta, ya sanar da hukumar tasha ko sojan ruwa ta rediyon jirgi a tasha ta 16, ya kuma gargaɗi jiragen da ke kusa.

In a raga ta shigo, kada a hau da ita cikin jirgi. A sassauta ragar a mayar da ita ruwa sannu a hankali, a ɗaura gora a igiyar don masu nutso su same ta, a bar wurin. In kuwa sai da ta hau aka gane ta, a tare ta kada ta gangara, a riƙa jiƙa ta da ruwa, a kare ta daga rana da zafin inji, kowa ya koma ɗaya ƙarshen jirgin, kuma kada a shiga tasha da ita sai hukuma ta faɗi inda za a tsaya.